Dutsen da Hajiya ta gani a waya

A bayan shagona akwai fallayen giranit guda tara jingine da bango, irin mai ruwan ƙasa da ɗigon baƙi wanda 'yan kasuwa ke kira Tan Brown. Tun 2018 suke nan. Ba su tsage ba, ba su dusashe ba, in ka watsa musu ruwa ka goge sai ka ga fuskarka a jiki. Laifinsu ɗaya, an daina yayinsu. Na saye su lokacin da duk uwargidan da ta shigo shago su take fara taɓawa, kuma dillali ya yi mini ragi mai kyau saboda na ɗauki da yawa. Kuɗin da na tara na kusan shekara biyu na zuba. Kafin in sayar da rabi, idon mutane ya koma kan farin dutse.

Na shiga wannan sana'a ta yankan dutsen kantar kicin a Kano a 2008, a hannun wani dattijo da ya fara da aikin tarazo, wato daɓen siminti da tsakuwa da ake gogewa, tun kafin a haife ni. A lokacin, kantar kicin a yawancin gidaje siminti ce a liƙa mata tayil, ko katako a shimfiɗa masa fomeka. Giranit na bankuna ne da otal-otal da gidajen manya. Daga baya dutsen Indiya da na Sin ya cika kasuwa, farashi ya sauko, har ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin albashi ya fara tambayar Black Galaxy, baƙin nan mai ƙyalƙyalin zinariya da ake haƙowa a jihar Andhra Pradesh ta Indiya. Mukan je kasuwar Ƙofar Ruwa mu ɗauko, mu yanka, mu goge baki, mu huda wurin sinki, mu kai mu ɗora. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce dutse ba ya ruɓewa, don haka wanda ya ajiye dutse ya ajiye kuɗi. A zamaninsa gaskiya ya faɗa, domin launi ɗaya yakan yi shekara goma ana nemansa. Da wannan karatu na dawo Abuja na buɗe nawa shagon, kuma da shi na sayi waɗancan fallaye.

Abin da ya sauya shi ne waya. Da can mai gida yakan zo ya duba abin da ke shago ya zaɓa. Yanzu Hajiya tana shigowa da hoto a Instagram, kicin na wata a Dubai ko Turkiyya, fari fat da jijiyoyi masu ruwan toka, ta ce, "Malam, irin wannan nake so, kada a canza mini komai." Ta riga ta gama zaɓe tun a gida.

Farin dutsen da ke cikin waɗannan hotuna asalinsa mabul ne na yankin Karara a Italiya, ko abin da aka kwaikwaya daga gare shi. Mabul yana da kyau, amma dutse ne mai taushi, kuma tsami yana cin sa. Girkinmu kuwa akwai lemon tsami, akwai tsamiya, akwai tumatir, ga zoɓo, ga uwa uba manja. Na taɓa ɗora wa wata Hajiya mabul fari a kicin ɗinta ba tare da na yi mata bayanin komai ba, saboda shi ta nema kuma ta biya. Bayan wata uku ta kira ni. Gefen murhu ya yi rawaya da manja, inda ake yanka lemo ya dusashe kamar an goge da yashi. Ta ce, "Malam, kai ka san haka zai yi?" Na ce, "Na sani, ranki ya daɗe." Ta ce, "To me ya hana ka faɗa mini?" Ba ni da amsa. Na cire shi na sa mata wani, na ɗauki rabin asarar. Tun daga ranar, kafin in buɗe bakin farashi sai na tambaya: wa ke girki a gidan, ita ce ko masu aiki? Mutum nawa ake dafa wa? Ana sauke tukunya daga wuta a ajiye a kan kanta? Ana ɗora ƙaramin turmi a daka a kai? Kicin na ciki ne ko na waje? Wasu sukan ga kamar shisshigi ne. Amma amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke zaɓen dutse, ba hoton ba.

Ana cikin haka kwats ya shigo, ya share wa masu son fari hawaye. Shi ba daga tsauni ake yanko shi falle-falle ba. Niƙaƙƙen dutse ne, kusan kashi 90 cikin ɗari, a cuɗa shi da danƙon roba da launi, a matse a inji. Wani kamfanin Italiya mai suna Breton ne ya ƙirƙiro fasahar, Caesarstone ya fara yi a Isra'ila a 1987, Cosentino na Spain ya fito da Silestone a 1990, daga baya masana'antun Sin da Indiya suka cika duniya da mai araha. Ba ya shan manja, ba ya buƙatar a shafa masa maganin toshe ƙofofi kamar dutsen asali, kuma ana zana masa jijiya ya yi kama da mabul. Rauninsa biyu ne, zafi da rana. Tukunyar da aka sauke daga wuta tana iya ƙona robar da ke cikinsa ta bar tabon da ba ya goguwa, rana kuma tana mayar da farinsa rawaya. Shi ya sa har gobe ba na sa shi a kicin na tsakar gida, ko nawa za a biya.

Ga mai saye, kwats sauƙi ne. Ga mai shago, ya birkita lissafi gaba ɗaya, kuma na daɗe ban gane ta ina kuɗina ke zurarewa ba. A zamanin giranit babu abin da ake zubarwa. Guntun da ya rage sai ya zama bakin taga, ko matakala, ko saman teburin mai shayi, domin ɗigo-ɗigo ne, ko ta ina ka haɗa ya dace. Farin falle mai jijiya ba haka yake ba. Dole jijiyar wannan yanki ta haɗu da ta wancan, in ba haka ba mahaɗar ta fito kamar tabo a fuska. Sai ka sayi falle mai tsawon mita 3.2 da faɗin mita 1.6, ka yi amfani da kashi biyu cikin uku, ragowar ba ta dace da aikin kowa ba, saboda zanen da ke kasuwa bana ba shi ne na baɗi ba. Ko zane ɗaya ne, in kwantena ta bambanta, farin yakan bambanta. Ga kuma sabon salo na kanta a tsakiyar kicin, dutsen ya gangaro ta gefe har ƙasa, wanda sai an yanka baki a karkace an haɗa kusurwa ba tare da an ga layi ba. Giranda ta hannu ba ta iya wannan da kyau. Na ci bashi na sayi injin yanka mai gada, kuma sai da na yi shekara biyu ina biya.

Sai ga watan Yunin 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Kusan duk abin da muke taɓawa daga waje yake zuwa: falle, diskin yanka, gam, takardar gogewa. Farashin da na ba mutum ranar Litinin, kafin Juma'a ya zama asara. Abin da na koma yi shi ne, ba na ajiye falle ko ɗaya na zamani. In mun daidaita, mai aiki ya ba da kuɗin dutse, mu tafi kasuwar kayan gini ta Dei-Dei tare ko ya turo wakili, ya ga fallen da idonsa, a rubuta sunansa a jiki, ni kuma in karɓi ladan aikina daban. Ribar ta ragu, amma ina barci. Wani abin da ke ba ni takaici shi ne muna da mabul a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo, ga duwatsun giranit ko'ina har nan Mpape, amma yawanci tsakuwa da gari ake yi da su, mu kuma muna jiran jirgin ruwa.

Yanzu ma wani ya taso, fallen tangaran mai faɗi da ake gasawa a wuta mai tsanani, irin su Dekton da ya fito a 2013. Yana jure zafi da rana, amma siriri ne, sau da yawa milimita 12, kuma yana da taurin kai wurin yanka. Na farko da na taɓa, ina huda wurin sinki ya tsage tun daga kusurwa har ƙarshe. Diskinsa daban, saurin injinsa daban, kusurwar rami sai an zagaye ta. Kuɗin koyo ke nan, na biya.

Duk waɗannan asarar kuɗi ce, kuma kuɗi yana dawowa. Akwai wadda ta fi su nauyi a zuciyata.

A 2024 wani abokin sana'a ya turo mini labarin cewa Ostareliya ta haramta kwats baki ɗaya daga 1 ga Yulin shekarar: ba a yi, ba a sayarwa, ba a yankawa, ba a ɗorawa. Da farko na ɗauka siyasar kasuwa ce. Da na bi labarin, sai jikina ya yi sanyi. Dalilin shi ne huhun masu yanka. A cikin dutse akwai sinadarin silika. Mabul yana da kaɗan ƙwarai, giranit yakan kai wajen kashi 30, amma kwats yana iya haura kashi 90. In aka yanka shi a bushe, ƙurar da ke tashi tana da laushin da ido ba ya gani, ta shige can ƙasan huhu ta zauna, huhun ya yi ta tabo yana ƙanƙancewa. Cutar ana kiranta silikosis, kuma ba ta da magani. A da an san ta da tsofaffin masu haƙar ma'adinai bayan shekara ashirin ko talatin suna aiki. Da kwats, an ga samari 'yan shekara talatin da 'yan kai sun kamu bayan shekaru kaɗan. Tun 2012 likitoci a Isra'ila suka wallafa rahoton masu yankan wannan dutse 25 da cutar ta kama. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar gaggawa a kan yankansa a Disambar 2023. Ita Hajiya da ke girki a kan kantar babu abin da zai same ta, domin dutsen da aka gama aka ɗora ba ya tayar da ƙura. Haɗarin na mai riƙe da giranda ne.

Na tsaya na tuna yadda muke aiki. Injin mai gada da ruwa yake yanka, wannan babu laifi. Amma gyaran baki, faɗaɗa ramin sinki, rage santimita ɗaya a gidan mai aiki saboda bangon birkila ya karkace, duk a bushe muke yi, sau da yawa a cikin ɗaki a rufe. Yaro ya fito fari fat har gashin ido, ya kaɗe riga, a saya masa madarar gwangwani ya sha wai tana wanke ƙirji. Ni ma haka aka yi mini ina yaro, kuma haka na yi wa nawa yaran da zuciya ɗaya. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. Ƙyallen da suke ɗaurewa a hanci ba ya tare wannan ƙura, haka ma takunkumin da aka saba da shi lokacin korona. Shekara shida ina karɓar aikin kwats ina murna kasuwa ta buɗe, ban taɓa tambayar da me aka yi shi ba. Na san farashinsa, na san kaurinsa, na san wanda ke sayar da mai kyau. Dillali bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, kuma ni ne babba a shagon, iyayen yaran nan ni suka damƙa wa su.

Na tara su na gaya musu abin da na karanta. Ɗaya ya ce, "Oga, ai mun saba." Na ce masa huhu ba ya sabawa. Na sayi giranda mai haɗe da tiyon ruwa, na haƙa rami a shago inda ruwan yanka ke taruwa, muna kwashe laka tun tana jiƙe domin in ta bushe ta sake zama ƙura. Na hana shara da tsintsiya a bushe, na hana hure dutse da injin iska. Na sayi takunkumi mai matata na gaske, ana canza matatar. Kayan aiki a shago ake cire su, ba a kai su gida inda mata za su kaɗe su a gaban yara. Awo kuma yanzu sai mun yanka samfuri da falanki mun gwada a kicin ɗin, don kada a yi yanka a gidan mutane. In ya zama dole, a fito da dutsen waje a yanka da ruwa.

Wannan ya sa aikina ya fi na maƙwabtana tsada da jinkiri, kuma na rasa ayyuka saboda haka. Akwai ɗan kwangilar da ya ce mini, "Malam, wancan zai gama mini a kwana biyu, kai ka ce biyar." Na yi masa bayani, ya saurara da mutunci, ya ba wancan. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma akwai mai matsa masa. Amma na je na sami wancan ɗin, na nuna masa abin da na gani, domin yaransa ma 'ya'yan mutane ne. Ya sayi tiyo. Takunkumin ya ce sai kasuwa ta gyaru.

Babban yarona, wanda ya fi kowa daɗewa tare da ni, ya yi wata biyu yana tari yana ramewa a ƙarshen shekarar. Da a da ne, sai in ce sanyin hunturu ne. Na kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada majina, aka ce tarin fuka ne. Likitan ya tambayi sana'arsa, da muka faɗa, ya ce ƙurar silika tana raunana huhu ta buɗe wa tarin fuka ƙofa, kuma ko ya warke kada ya koma cikin ƙura. Ya sha magani wata shida, ya samu sauƙi, alhamdulillahi. Yanzu shi ke zuwa gidajen mutane yin awo, shi ke yi wa su Hajiya tambayar tukunya da turmi, kuma ya fi ni iya lallashi. Albashinsa ban rage ba. Sauran yaran huɗu na sa musu ranar zuwa hoton ƙirji bayan Sallah, ni ne na biyar.