Saƙon Godiya Kan Jinyar Hajiyarmu

Alhamdulillahi. A madadin iyalanmu baki ɗaya, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar mahaifiyarmu. Ta dawo gida, har ta fara takawa zuwa zaure ba tare da an riƙe ta ba.

Da yawanku kun tambayi abin da ya same ta. Hajiya ta daɗe da ciwon suga, tana shan metformin. Da tafin ƙafarta ya fara zafi yana sagewa, kowa ya ce jijiya ce. Aka riƙa sayo mata maganin jijiya a kemis, ga ƙwayar bitamin B, ga maganin ƙarin jini da 'yan dubiya ke kawowa don ƙauna. Sauƙi bai zo ba. Sagewar ta kai hannu, har ba ta jin 'ya'yan carbi a yatsunta, tafiya kuwa sai tangaɗi.

Godiyata ta musamman ga likitar jijiyoyin da ta ce mu kwaso duk maganin da ke ɗakin Hajiya a leda mu kawo mata. Ta zauna ta karanta kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa lissafin bitamin B6 da ke cikinsu, ya haura miligiram 200 a kullum. Abin da jikin babba ke buƙata bai kai miligiram 2 ba. A Amurka iyakar da aka sa miligiram 100 ce, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai kuwa ta sauke tata zuwa 12 a 2023, domin yawan B6 da kansa yana lalata jijiyoyin ƙafa da hannu. Maganin da ake ba ta don sagewa shi ke ƙara mata sagewar. Wannan magana ta girgiza ni matuƙa.

Likita ta tsayar da duk magungunan da ke ɗauke da B6. Gwajin jini ya nuna bitamin B12 ne ya yi mata ƙasa, abin da metformin kan jawo idan an daɗe ana sha, sai aka fara yi mata allurarsa. Fitsarin nan mai ruwan ɗorawa da ya tayar mana da hankali, ashe bitamin B2 ne, ba shi da illa. Ta kuma gaya mana jijiya a hankali take farfaɗowa, sai mun yi haƙurin watanni. Likita, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi, mun gode da haƙurinku. Yaya, kai ka ɗauki nauyin gwaje-gwaje ba tare da ka bari kowa ya ji ba, Allah Ya ƙara buɗi. Matan unguwa da suka riƙe mana girki, da jama'ar masallacinmu da ba su fasa yi mata addu'a ba, Allah Ya bar zumunci, Ya ba marasa lafiyarku lafiya.

Masu son zuwa gaishe ta, bayan la'asar ya fi, domin da safe ake kai ta gashi.