Sakamakon gwajin Baba

Yau na raka Baba asibiti a nan Jos karɓar sakamakon gwajin jini. Likita ta ɗora yatsa kan CRP, furotin da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki, ta ce nasa ya haura 3, matakin da ke iya nuna haɗarin ciwon zuciya. Sai ta zana jijiya a bayan takardar, da kitse maƙale a bangonta. Ashe kumburi ne ke cinye murfin kitsen har ya fashe, jini ya daskare, ya toshe hanyar zuciya. Za a maimaita gwajin, tunda ko zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga CRP ɗin.

Baba murmushi kawai yake, wai shi garau yake jin kansa. Wannan garau ɗin ne ya fi tayar mini da hankali.