Abin da na koya daga karatun mutuwar Stephen Decatur

Jama'a, a wannan semistar malaminmu na tarihi ya ba ni aikin bincike kan sojan ruwan Amurka a shekarunsu na farko, ni dai na ɗauka yaƙe-yaƙe zan karanta kawai, sai na tsinci kaina cikin labarin hafsoshi masu harbin junansu da kansu saboda magana. Fito-na-fito ake yi, mutum biyu su tsaya a fili, kowa da ƙaramar bindigarsa, kowa da wakilinsa mai tsara sharuɗɗa, a ƙirga, a harba. Kuma ba ƴan daba ba ne fa, manyan mutane ne da gwamnati ta damƙa wa jiragen yaƙi.

Wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai shi ne Stephen Decatur. Wannan mutumin a watan Fabrairun 1804 ya shiga tashar jiragen Tarabulus ta Libiya cikin dare da ƙaramin jirgi, ya ƙone jirginsu Philadelphia da aka kama don kar a yi amfani da shi a kansu, aka ba shi muƙamin kyaftin yana ɗan shekara 25. A 1812 kuma ya kama jirgin Ingila mai suna Macedonian. Wato a zamaninsa ba wanda zai buɗe baki ya ce masa matsoraci, duk ƙasar ta san shi. Amma a ƙarshe ba igwar abokan gaba ce ta kashe shi ba, abokin aikinsa ne, James Barron, wanda ya taɓa zama na gaba da shi a jirgi ɗaya tun Decatur yana ƙaramin hafsa mai koyon aiki.

Asalin rigimar daga 1807 ne. Barron ya fito da jirgin Chesapeake daga yankin Norfolk ba tare da an shirya shi don yaƙi ba, sai jirgin Ingila Leopard ya tare shi yana neman matuƙan da suka gudu daga aikin Ingila, da Barron ya ƙi yarda a yi bincike sai suka buɗe wuta, mutum uku suka mutu nan take, goma sha takwas suka ji rauni har da shi Barron ɗin, harbi ɗaya tal Chesapeake ya iya yi kafin ya sauke tuta, aka kwashe mutum huɗu aka tafi da su. A 1808 kotun soja ta dakatar da Barron shekara biyar ba albashi. Decatur yana cikin alƙalan, duk da ya roƙi a cire shi tunda ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, aka ƙi.

Barron ya tafi Turai neman abin kai wa baka, yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Ingila ya ɓarke yana Denmark, bai dawo gida ba sai 1818. Da ya nemi a maida shi aiki Decatur yana cikin masu cewa a'a, kuma hujjarsa ita ce ƙasarka tana yaƙi kai kana waje ba ka dawo ba. Nan ne masu kai-komo suka samu aikin yi. A 1819 aka gaya wa Barron wai Decatur ya ce zai iya cin mutuncinsa ba abin da zai faru, ya rubuta wasiƙa yana tambaya, Decatur ya musanta, maimakon a tsaya nan sai wasiƙu suka ci gaba watanni, kowace ta fi ta baya zafi, kowa yana rubutu yana tunanin waɗanda za su karanta a bayan idonsa. Magana dai zarar bunu ce, to ina ga wadda aka sa a takarda aka sa hannu.

Darasin farko da na ɗauka ke nan, kuma ya canza yadda nake karanta kowace takardar tarihi yanzu. Idan na ga mutum biyu suna faɗa, ina neman na ukun da ke kallo. A cikin jirgin ruwa ƙananan hafsoshi suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci tebur ɗaya watanni ba inda za ka je, idan aka ce kai matsoraci ne ba mai zama kusa da kai, kuma matuƙan da kake ba umarni su ma sun ji. Akwai labarin Richard Somers, aminin Decatur, wanda ake ba da cewa cikin wasa Decatur ya ce masa wawa, shi bai ɗauke ta komai ba, amma sauran suka ce wanda aka zaga ya yi shiru ba namiji ba ne, sai ya ƙalubalance su ɗaya bayan ɗaya a rana guda, aka ji masa rauni sau biyu, na ukun a zaune ya yi Decatur yana tallafe da shi. Kun ga su biyun ba su da wata matsala, masu kallo ne suka ƙirƙiro ta.

Abin da ya fi ɓata min rai kuma shi ne wakilan. Aikinsu na farko a ƙa'idar abin shi ne su nemi sulhu. Wakilin Barron Jesse Elliott ne, mutumin da ke da tsohuwar rigima da wani hafsan ruwan Amurka, Oliver Hazard Perry, tun yaƙin tafkin Erie na 1813, kuma Decatur yana ɓangaren Perry. Wakilin Decatur kuma William Bainbridge, wanda a hannunsa aka kama Philadelphia ɗin da Decatur ya yi suna da ƙonewa, kuma a 1815 Decatur ya gama da yaƙin Amurka da Aljeriya kafin rundunar Bainbridge ta iso. Ban ce sun shirya kashe shi ba, amma ranar 22 ga Maris 1820 a filin fito-na-fito na Bladensburg kusa da Washington, suna tsaye tsakaninsu taku takwas kacal, an ruwaito Barron ya ce yana fatan a lahira za su fi zama abokai, Decatur ya amsa cewa shi bai taɓa zama maƙiyinsa ba. Wallahi duk mai son alheri da ya ji wannan zai shiga tsakani ya ce to a ajiye bindigogi, an gama. Ba wanda ya yi. Aka ƙirga, suka harba, duka biyun suka faɗi.

Suna kwance a ƙasa jini na zuba sai suka yi maganar da ya kamata su yi tun farko. An ruwaito Decatur ya tambaye shi me ya hana shi dawowa lokacin yaƙi, Barron ya ce ba shi da kuɗin dawowa ne. Wannan wurin na daɗe a kai. Mutum ya gwammace ya tsaya gaban harsashi da a ce a bainar jama'a babban hafsa ya talauce, ɗayan kuma shekaru yana yanke masa hukunci bai taɓa zama da shi ido da ido ya ji ta bakinsa ba. Ni yanzu ko a aikin rukuni na aji, idan wani ya daina zuwa aka fara cewa raini ne ko lalaci, kafin in sa baki sai na kira shi shi kaɗai, don sau da yawa kuɗin mota ne ko rashin lafiya a gida, kuma ba zai faɗa a gaban mutane ba. Sannan idan za a tura mai sasantawa ina duba ko yana da tasa a ƙasa da ɗaya daga cikinsu.

Decatur ya rasu a daren ranar a gidansa da ke kusa da fadar shugaban ƙasa a Washington yana da shekara 41, shugaba James Monroe da ƴan majalisa suka halarci jana'izarsa. Matarsa Susan ta ɗora laifin a kan Bainbridge da Elliott, kuma ni ma da na gama karanta abin da ya faru a filin nan ina ganin tana da hujja. Barron ya warke daga raunin da ya ji a ƙugu, an maida shi aiki, ya riƙe muƙamai a tudu, amma ba a sake ba shi jirgi ya fita teku ba har ya mutu a 1851.