Maganar had dis da SSD ga mai haɗa kwamfutarsa ta farko

Shagona ƙarami ne a nan Kano, ni da yaron da nake koya wa aiki, muna haɗa kwamfutar tebur muna gyara. Yawancin masu zuwa haɗa tasu ta farko masu editin ne, na bidiyon biki da masu hoto da masu zanen fosta da katin gayyata, sai 'yan gem jifa-jifa. Kuma kusan duk halinsu ɗaya, mutum zai zo da lissafinsa a waya, furosesa kaza, girafik kaza, ram kaza, har fanka mai fitila kala-kala ya zaɓa, kana cewa toh ma'ajiya fa sai ya ce "Oga ka sa min duk wanda ya samu da canjin da ya rage". Wallahi wannan magana tana damuna sosai, domin komai na cikin kes ɗin nan in ya ƙone kuɗi ne kawai, ka sayi wani ka sa, amma had dis in ya mutu da aikinka yake tafiya, kuma bidiyon ɗaurin auren mutane ba a sake ɗaukarsa.

Had dis na da faranti ne a ciki yana juyawa, sau 5400 ko 7200 a minti, da ɗan hannu mai karatu yana yawo a kai, in ka kara kunne za ka ji shi. Gudunsa bai cika wuce MB 150 zuwa 200 a sakan ba. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa, na SATA, wato mai hanyar haɗi irin ta had dis, yana kai wajen 550, NVMe kuwa, sabon nau'in SSD da ya fi gudu, na zubi na uku wato Gen3 wajen 3500, na Gen4 har 7000. Toh amma gaskiyar da nake faɗa wa kowa ita ce, tsallen da za ka ji a jikinka shine daga had dis zuwa SSD ko wane iri ne, nan ne Windows ɗin da kake kunnawa ka je ka yi alwala ka dawo zai koma buɗewa kafin ka gyara zama. Daga Gen3 zuwa Gen4 kuma in ba 4K kake yankawa kullum ba da wuya ka gane bambanci, don haka kar lambar jikin kwali ta sa ka zubar da kuɗin da ya kamata ka ƙara girma da shi.

Tsarin da nake ba mai farawa ba ya canzawa, NVMe sabo dal na 500GB ko 1TB in aljihu ya yarda, a kansa Windows da furogiram da aikin da ake kai yanzu za su zauna, sai had dis na 2TB ko 4TB na ajiye wanda aka gama. Masu cewa a sa musu 128GB ina hana su, Windows 11 kaɗai Microsoft ta ce sai da 64GB mafi ƙaranci, ka zuba Premiere da Photoshop da CorelDRAW a kai kafin wata biyu layin da ke nuna cikar dis ya zama ja. Kuma SSD ba ya son a cika shi maƙil, nauyi yake yi, ka bar masa ko kashi 20 cikin 100 a sarari.

Sai maganar tokumbo, nan ne rigimar take. Ni ba na ƙin tokumbo, furosesa da ram da kes duk muna sa su kuma suna aiki lafiya lau, amma ma'ajiya daban ce, tana da kwanakinta. Duk dis ɗin da ya shigo shagon nan sai na jona shi na buɗe CrystalDiskInfo, furogiram mai duba lafiyar dis, a gaban mai shi, zai nuna awa nawa ya yi a kunne, sau nawa aka kunna shi, lafiyarsa shuɗi ce ko ta koma ruwan ɗorawa. Akwai wani matashi mai situdiyo da ya kawo min 2TB da ya saya da araha a kasuwa, an goge shi fes an sa a leda kamar sabo, muna buɗewa awanninsa sun nuna shekaru ya yi yana aiki ba hutu, ga sekta, wato gurabun da ake rubuta data a kan farantin, da suka fara lalacewa. Ya ce "Yallabai ai yana buɗewa", na ce ƙanina yana buɗewa yau, gobe fa? Ya mayar. Sannan akwai jabun SSD, a rubuta 1TB a jiki alhali cikin bai kai ko kusa ba, zai yi ta karɓar fayil yana taka na baya, sai ranar da ka nema ka tarar ba ya buɗuwa. Maganinsa furogiram ɗin gwaji mai suna H2testw, ka bar shi ya cika shi taf ya karanta, yana cin lokaci amma ba ya ƙarya. Wanda kuma ya ga 1TB ɗinsa ya nuna 931GB ya kwantar da hankali ba a cuce shi ba, kamfani da 1000 yake lissafi, Windows da 1024.

Wajen sakawa, M.2 sunan ramin da ake zura siririn SSD ne kawai a jikin madabod, wato babban allon da komai ke haɗuwa a kansa, akwai M.2 na SATA akwai na NVMe, kuma ba kowane madabod ne yake karɓar duka biyun ba, ka duba ɗan littafin madabod ɗinka kafin ka biya kuɗi. Wasu ma in ka sa M.2 sai su kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA, mutum ya jona had dis a nan ya yi ta cewa ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Girman da aka fi samu 2280 ne, wato faɗi milimita 22 tsawo 80. A karkace ake zura shi, a danna a hankali a ɗaure da ɗan ƙaramin sukurun nan da yake ɓata cikin kwali, ni a murfin kwalba nake ajiye shi. In madabod ya zo da ƙarfen sanyaya shi, akwai siririyar leda a kan robar ƙasan, a cire ta, na sha buɗe kwamfutar da aka haɗa wani wuri na tarar da ita a manne, ga zafin Afrilu na Kano, SSD kuma in ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu. Had dis kuma waya biyu ce, ta data da ta wuta, a ɗaure shi da sukuru huɗu, kar a bar shi yana reto.

Lokacin zuba Windows ina cire wayar duk wata ma'ajiya in bar SSD shi kaɗai, saboda wani lokacin yakan ajiye fayilolin tashi a ɗaya dis ɗin, ranar da ka cire wancan sai kwamfuta ta ƙi tashi. A Rufus, furogiram ɗin da ake sa Windows a filash da shi, ka zaɓi GPT, wato sabon tsarin raba dis, don Windows 11 da sabon tsarin tashi na UEFI yake tafiya, kuma tsohon tsarin raba dis wato MBR ba ya ganin abin da ya wuce 2TB. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoba 2025 ni 11 nake sa wa sabon haɗi. Bayan an gama ka mayar da had dis, in bai fito ba kar ka tsorata, Disk Management na cikin Windows za ka shiga ka yi masa fomat ka ba shi harafi.

Abu biyu nake roƙon kowa kafin ya ɗau kwamfutarsa. UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ko ƙarami ne, don yadda NEPA ke ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta fayil shi ke lalata ma'ajiya da yawa a garin nan. Na biyu kuma raba dis gida biyu C da D ba bakof ba ne, wato ajiye kwafi a wani wuri daban, dis ɗaya ne, in ya tafi duka suka tafi. Ka sayi had dis na waje ka riƙa kwafe aikin mutane duk ƙarshen mako, ka cire shi ka sa a durowa. Wanda kuɗinsa bai kai ba nakan ce mu cire fankar fitilar nan daga lissafi tukuna, in ya samu kuɗi daga baya ya dawo in sa masa ba sai ya biya kuɗin aiki ba.