Ruwan Tausayi Ne Ke Kashe Su

Ga waɗanda za su ci gaba da karɓar kwalayen tsuntsaye masu rauni a buro bayan tafiyata, da duk wanda yaro zai kawo wa kurciya fiffike a saɓe. Maganar cike takarda na bar muku, kun san ta.

Ba danƙon yara ne ya fi ƙarasa tsuntsayen da ake kawo mana ba, ruwa ne. Mu da ruwa muke tarbar baƙo, shi ya sa hannu ke zuwa kan buta tun kafin tunani ya iso. Amma buɗe bakin tsuntsu ka dubi gindin harshensa, za ka ga ƴar kafa tana buɗewa tana rufewa. Ita ce ƙofar iska, hanyar abinci kuwa tana bayanta, kuma ba shi da marfin da ke kare namu maƙogwaron lokacin haɗiya. Tsuntsun da ya firgita yana haki, ƙofar a wangale take. Ka ɗura cokali guda, ruwan ya wuce huhu da jakunkunan iska. Wani a hannunka zai mutu. Wani ya kwana biyu yana numfashi da gurnani, kumfa a hanci, wutsiya na hawa da sauka, sannan ya tafi, a ce raunin ne ya kashe shi. Fura, kunu, madara, duk hukuncinsu ɗaya. Ko sun bi hanyar daidai, jikin da ya yi sanyi ya bushe ba ya narka abinci, sai ya tsaya a wuya ya lalace. Rashin ci na kwana ɗaya ba ya kashe babban tsuntsu. In ya farfaɗo ya tsaya da ƙafafunsa yana riƙe kai, a ajiye masa ruwa a murfi marar zurfi ya sha da kansa.

Abin da ke mini zafi har yau, wannan kuskuren daga sama yakan sauko. Babba ya shigo da baƙi, ya ce a fito da shamuwar a ba ta ruwa a ɗauki hoto. Ƙaramin ma'aikaci ya san ba daidai ba ne, amma ba ya iya cewa komai sai "to, ranka ya daɗe". Da safe an tarar da gawa, sakacin kuma a kansa za a rubuta shi. Ku koyi faɗin "ranka ya daɗe, a bar shi zuwa gobe" cikin ladabi, ku maimaita. Kowace fitarwa daga kwali, a wurin tsuntsu kamun shaho ne, kuma tsoro kaɗai yana kashe su.

Abin da ake yi a awa ta farko ba shi da yawa. A lulluɓe shi da zane ko tawul har kai, duhu na kwantar da shi. A haɗa fukafukai da jiki a ɗaga. Kada a matse ƙirji, domin da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, riƙon ƙarfi shaƙewa ne. Kwali ya fi keji, waya na karya gashin tashi. A huda ramuka kafin a sa shi, a shimfiɗa tsumma marar zare a ƙasa don kada ƙafa ta zame ko farce ya sarƙe, a rufe, a kai ɗakin da babu rediyo, babu yara, babu kyanwa, nesa da akurkin kaji.

Zafin jikin tsuntsu yana tsakanin digiri 40 da 42, mai rauni kuma ba ya iya riƙe shi. Littattafan Turawa suna cewa a ɗumama, kuma haka ne a daren hunturu: gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma, a gefe ɗaya na kwalin, ya matsa in ya ji zafi. A bazarar Maraɗi kuwa akasin haka ne. Kwali a bayan moto ko ƙarƙashin kwano da tsakar rana tanda ce. Inuwa da iska, a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan kwalin ba a kan tsuntsun ba.

Jini: kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ne. Kurciya mai giram 100 jininta bai wuce mililita 10 ba, cokalin shayi biyu ke nan, don haka ɗigon da ka raina babban rashi ne gare ta. A danna da tsumma mai tsabta minti biyar ba ɗagawa ana leƙawa. In farce ne ya karye, garin masara na tsayar da shi. Wanki da ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Ban da man kaɗanya, ban da baƙin mai, suna manne gashi. Ban da ƙwayoyin mutane da na shanu. Diclofenac, maganin ciwo da ake ba shanu, shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya a shekarun 1990.

Kowa da makaminsa. Zalɓe ido yake nufa, a riƙe baki tukuna ba tare da toshe hanci ba. Shaho, shirwa da mujiya ƙafa ake fara kamawa. Ungulu na cizo tana amai.

Wanda kyanwa ta kama, ko ba a ga rauni ba, likitan dabbobi ranar nan, yawunta na kashewa cikin kwana biyu ko uku. Karaya ma kada ta kwana da yawa, ƙashin tsuntsu na haɗewa cikin mako biyu zuwa uku, in ya haɗe a karkace tashi ya ƙare. Wanda ya yi karo da gilashi ko waya ya sume, awa biyu a duhu sau da yawa ta isa. Ɗan tsuntsu mai gashi yana tsalle a gindin bishiya ba maraya ba ne, uwarsa na kallonka, a ɗora shi kan reshe a tafi.

In ka ga wuya a murɗe, ko gawa fiye da ɗaya a bakin tafkin Madarumfa ko cikin gulbi, kada ka taɓa da hannu, wataƙila murar tsuntsaye ce. Murar tsuntsaye ta shigo Nijar ta Magariya a 2006, sai a sanar da ma'aikatan kiwo da na gandun daji. Dokar farauta ta 1998 ma ba ta bar mutum ya ajiye gauraka a gida don ya yi mata jinya ba, a miƙa ta.

Sakin kuma a inda aka tsinto shi, bayan an ga ya tashi sama a cikin ɗaki ba tare da gefe ɗaya na sauka ba. Na rana da sassafe, mujiya bayan magariba kuma nesa da gidaje, kun san abin da mutane ke mata. Shamuwa a duba lokaci: in damina ta wuce ƴan uwanta sun yi kudu, a nemi shawara kafin a buɗe kwali.