Inda rinina ya kwana bayan hunturu

'Yan uwa masu koyon rini, randata ta farfaɗo. Amma kafin nan sai da ta cinye mini ƙyallaye masu yawa, kuma a kansu nake so mu tattauna, don na lura yawancinmu da zarar zane ya ɓaci sai mu cusa shi ƙarƙashin gado, mu fito da wanda ya yi kyau kawai.

Da sanyi ya kankama, ruwan ya kwanta. Kumfar nan mai sheƙi da ke taruwa a sama ta ɓace, ruwan da a da yake kore mai ratsin rawaya ya koma shuɗi. Sabon shiga zai ɗauka rini ya nuna ke nan, alhali alamar mutuwa ce. Duk abin da na tsoma yakan fito da launi, amma ana ɗauraye shi launin ya bi ruwa. Dalilin shi ne shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne suke tsima ganyen baba a cikin ruwan toka, su cinye iskar da ke ciki, sannan shunin ya narke ya shiga zare. Shi ya sa zane yake fitowa kore, sai ya sha iska ya rikiɗe shuɗi a hannunka. Halittun nan kuwa ɗumi suke so, randa kuma a tsakar gida take kwana cikin sanyin Disamba.

A nan ne na fahimci hikimar karofi. Ramukan Ƙofar Mata a Kano, waɗanda ake danganta kafuwarsu da shekarar 1498, sun fi tsayin mutum zurfi. Ƙasa tana riƙe musu ɗumi dare da rana, laka kuma ta kwanta can ƙasa nesa da zane. Na sha zuwa wurin ina kallo, amma sai da tawa randar ta mutu na gane amfanin zurfin. Sai na haƙa rami na binne ta har wuya, na naɗe bakinta da buhu, na rufe da faifai. Na ƙara baba da sabon ruwan toka, na kuma rage juyi. Muciya a hankali ake tura ta, don duk fantsamar da ka yi iska kake cusawa. Da gari ya fara ɗumi, warin tsimin ya dawo, kumfa ta biyo baya. Mutanen gida dai ba su yi murna da warin ba.

Yanzu ga ƙyallayen. Na kai wa maigidana mai koya mini rini su a ƙunshe, ina tsammanin zai ce a zubar. Sai ya shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, ya sa ni in faɗi abin da ya sami kowanne kafin shi ya yi magana. Ashe ɓacin ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya yi dabbare-dabbare da fari, sitati ne ko maiƙo ya hana ruwa shiga, wato ba a wanke yadin sosai ba kafin turi. Wanda ya fito da baƙin tabo, ƙasan randa ya taɓa ya kwaso laka. Mai dogayen layuka masu haske, a naɗe ya zauna cikin ruwa, ba a warware shi da hannu a ƙarƙashi ba. Akwai kuma wani da ya ƙi kamawa ko sau nawa aka tsoma shi: yadin ne da haɗin roba, ko da yake a kasuwa an ce mini auduga ce zalla. Gwajinsa ba wuya. Zare ɗaya za ka ciro ka kunna masa ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi, roba kuwa takan narke ta dunƙule.

Tun daga ranar nake yanke guntu daga kowane zanen da ya ɓaci, in ɗinke shi a littafi, in rubuta yanayin gari, launin ruwan da kuma abin da nake zargi. Wanda ya yi kyau ba ya faɗa mini komai, don sau da yawa ban san me ya sa ya yi kyau ba.

Wasu a cikinku sun ce in huta da wahala, in sayi shunin kanti da soda da haidiro (garin sinadari mai cinye iskar ruwan a madadin tsimi), cikin awa guda an gama. Ba na raina wannan hanya. Tun 1897 da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, shi ne ya mamaye duniya, kuma mai neman abin sa wa a baki ba zai zauna jiran tsimi ba. In za ku yi, ku sa safar hannu, ku yi a fili, don soda tana ƙona fata. Ni dai ruwan nake so in iya karantawa da ido da hanci, kuma garin kanti ba zai koya mini wannan ba.

Abin da ke gabana shi ne duhu. Launina har yanzu na sararin sama ne, ina kuma hangen irin turkuɗin garin Kura da Buzaye ke naɗawa. Tsomi ɗaya mai tsawo ba ya kawo shi, sai gajeru masu yawa, ana bari ya sha iska tsakani, daga nan a kai wa masu bugu. Tokar itace nake amfani da ita zuwa yanzu. Wanda ya gwada ta karan dawa a cikinku, ina so in ji yadda ƙarfinta yake kafin in haɗa randa ta biyu.