Sarkar taimin ta Corolla: kafin a kwance gaban inji

Injin 1ZZ-FE mai lita 1.8, wanda ke cikin Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, sarka yake amfani da ita, ba bel ba. Sarkar ce ke haɗa karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) da kamshaf biyu (sandunan da ke danna bawul) domin bawul su buɗe a kan lokaci. Ba ta da wa'adin canji. Abin da ke kashe ta tsohon baƙin mai ne, ko man da ya yi ƙasa, don tenshina, wato abin da ke ɗame sarkar, da matsin mai take aiki.

Alamar farko ita ce ƙara kamar ana jan sarka a kan ƙarfe idan aka tayar da mota da safe. Amma ba kowace ƙara ce sarka ba. Giyar VVT-i, wadda ke kan kamshaf tana sauya lokacin buɗewar bawul, ita ma tana yin haka na daƙiƙa biyu ko uku, kuma sau da yawa ana canza sarka lafiyayya ƙarar tana nan. A duba mai tukuna, a sa na'urar da ke karanta lambobin matsalar mota. Lambar P0016 na nufin kamshaf da karanshaf sun saɓa. In kuwa yoyon mai ne a bayan inji ta gefen fuli, yawanci robar tenshina ce ta bushe. Noti biyu ne ke riƙe da tenshinar daga waje, ba sai an buɗe murfi ba.

Idan aiki ya kai ga buɗewa, a cire kan batir, a zubar da ruwan lagireto, a tallafi inji da jak da katako kafin a kwance mazauninsa na dama. Sai bel, fuli, famfon ruwa, murfin sama da na gaba. Kafin a taɓa sarka, a juya inji da hannu har fistan na ɗaya ya kai ƙololuwa, makin kamshaf biyu suna kallon juna.

Awo shi ne alƙali. A miƙar da sarka sosai, a auna gaɓa 16: in ta wuce milimita 122.6, ta gama. Robobin da take gogawa a kai, in cin da ta yi musu ya wuce milimita 1, su ma a canza. Haƙoran giya da suka yi tsini za su cinye sabuwar sarka, don haka sayen sarka kaɗai asara ce.

Sabuwar sarka tana da gaɓoɓi masu launi, kowace ta hau kan makinta. Haƙori ɗaya kacal ya isa ya sa mota ta rasa ƙarfi, da yawa kuma bawul na iya karo da fistan. A kankare tsohon gam na murfin gaba tas, a shafa sabo siriri, a rufe cikin minti 3. Gam mai yawa yakan ɓalle ya toshe rariyar mai. Notin fulin karanshaf yana son Nm 138 (ma'aunin ƙarfin ɗauri), ba ɗaurin ƙarfin tuwo ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne nan: ana sa tenshina a danne, ƙugiyarta na riƙe da ita. Dole a juya karanshaf baya kaɗan har ƙugiyar ta saki, sannan a juya gaba a ga tenshinar ta tura robar da sarka ke gogawa a kai. Wanda ya manta ya tayar da inji, sarka na iya tsallake haƙoran giya. A juya da hannu zagaye biyu, a sake duba makin giyoyin, a bar gam ya yi awa 2 kafin a zuba mai.